Abin da Bangon Arewa Ya Ci

Shekara talatin da takwas ina gini a birnin Craiova da ƙauyukanta, amma a ƙarshe aikin da aka ga ya dace da ni shi ne loda wa injin gini bulo. Bajamushe muke ce masa, don daga can aka kawo shi. Hannu ɗaya gare shi, zanƙalele, da jan ido mai awo. Da mu goma sha biyu ne. Da ya zo muka koma biyu, ni da Neculai mai kwaɓa siminti.

Bangon arewa ne ya ƙi tsayuwa. Sau uku Bajamushe yana gina shi, sau uku muna tarar da shi a ƙasa da safe.

Neculai ya kira sunana, ya raɗa mini, "Tudose, ƙasar nan inuwa take so."

Ba tsohon maginin da bai san wannan ba. A auna inuwar mutum da igiya bai sani ba, a binne igiyar cikin gini. Bango ya tsaya, mai inuwar kuwa ba ya cika kwana arba'in.

Injiniya Ruxandra, wadda ke kula da injin, ta ji mu, ta yi dariya. "Haba Baba, ku da tatsuniya. Shi wannan daga kuskurensa yake koyo. Da kansa zai gano abin da bangon ke so."

Ai kuwa ya gano.

Ranar Juma'a da yamma liƙis na koma ɗauko cokalin ginina, gadon mahaifina. Kowa ya tashi. Tun ɗazu a gabana Neculai ya kashe janareta ya tafi. Ƙararrawar coci na bugawa daga nesa, rana ta yi ƙasa, inuwata ta miƙe har gindin bangon.

Sai na ji ƙanshin ɗanyen siminti.

Ƙwas. Shiru. Ƙwas.

Ana jera bulo. Ba wuta, ba kowa.

Na ce a hankali, "Neculai, kai ne?"

Hannun Bajamushe ya tsaya. Jan idon ya juyo, amma ba ni ya kalla ba. Ƙasa ya kalla. Jan layi ya sauka kan inuwata, daga kai yana gangarowa, yana awo.

A cikin bangon ya bar wani rami, daidai tsayina.

Na bi jan layin da ido.

Layin ya wuce wuya. Ya wuce ƙirji.

Na yi ta maza na faɗa bayan tarin yashi, inda rana ba ta kaiwa. Sai dai hannuna na dama, mai riƙe da cokali, ya yi saura a fili.

Ƙwas.

Cokalin ya faɗi. Ban ji faɗuwarsa daga yatsuna ba.

Da rarrafe na fita.

Bangon arewa na nan tsaye, ko tsaga babu. Ranar Litinin Ruxandra ta kawo lemo da biredi mai cuku, ta ce an gyara matsalar injin. Har tafi aka yi masa.

Ni kuwa kafin kwana arba'in hannun ya shanye. Likita ya ce jijiya ce. To, jijiya. Ku zo ku tsaya kusa da ni da hantsi, ku dubi ƙasa: inuwata a gwiwar hannu ta ƙare.

Kamfanin ya sallame ni, wai mai hannu ɗaya ba zai iya loda bulo ba. Takaicin da ke cina ke nan har yau, don shi ma Bajamushen hannu ɗaya gare shi.

Kuma duk wanda ya san aikina, ya dubi bangon nan, zai gaya muku hannun wa ya ɗaure shi.