Kiran Aladun Gidan Iratzeta

In ka ga baƙo ya tsaya bakin shingenka yana yaba aladunka fiye da kima, to juya ka duba inda 'yarka take. Ni ban juya da wuri ba.

Peio sunansa, ɗan birni, sana'arsa jagorantar masu yawon shan iska a duwatsunmu. Hanyarsu ta ratsa dajin da garkena ke kiwo a sake. Ranar farko ya tarar da Oihana, 'yata tilo, tana gyara rufin bukkar aladu. Ya cire hula.

"'Yammata, waɗannan da kunnuwa suka rufe wa ido, yaya suke ganin hanya?"

"Da ji suke tafiya," in ji ta. "Ba kamar wasu ba, ga ido ga taswira, kullum a ɓace."

Suka yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

A wurinmu ɗa guda ke gadon gida, mijin magajiya kuwa shi ke tarewa, har sunan gidan ya danne nasa. Na ga yadda ta ƙare a kwarinmu: suruki ɗan birni ya shigo, a sayar da dabbobi, gida ya koma masaukin baƙi. Manex, ɗan maƙwabcina da nake yi wa Oihana sha'awa, kullum cikin zuga ni yake.

"Baba, wannan ɗakunanka yake leƙe, ba aladunka ba."

Wata rana wayarta ta haska a kan tebur, idona ya faɗa kan saƙon Peio: "Farin watana, jiya saura kaɗan. Gobe ma a bayan dutse, inda Baba ba zai ji mu ba. Kada ki gaji da ni."

Na hana ta hawa dutsen. Ta yi kuka, ta daina yi mini hira. Matata Graxi ta ce, "Maigida, kai ma fa da jaka ɗaya ka shigo gidan nan."

"Ni ɗan makiyaya ne."

"Na tumaki," ta ce, ta ci gaba da yanka cuku.

Da kaka ta yi, 'ya'yan itatuwa suka zuba, aladu suka yi ƙiba. Wata safiya gajimare ya sauko ya rufe dutsen, Oihana ta kai nama kasuwa, ni kuma mura ta shaƙe mini murya. Na hau dutsen na tarar da ƙyauren shingen sama a buɗe, garke babu ko ɗaya. Sawunsu ya nufi bakin kwazazzabo.

Kowane gida da kiransa, aladunsa ba sa amsa wani. Ba a koya wa bare, don mai kiran shi ne mai garken. Na buɗe baki, iska kawai ta fito. Manex ya zo yana ta ihu, ko gurnani ba mu ji ba.

Sai ga kiran gidanmu daga sama, da muryar namiji, ƙarshensa a ɗan karkace. Can Beltxa, tsohuwar uwar garke, ta ɓullo cikin farin gajimare, sauran na biye. A gabansu Peio ne, laka har gwiwa, baƙinsa a baya suna ɗaukar hoto.

"Ka gani ko!" in ji Manex. "Da ba mu zo ba, da sun kai birni!"

Peio ya rufe ƙyaure, ya ɗaure igiyar.

"Wa ya ba ka kiran nan?" na tambaye shi da ragowar muryata.

"Oihana, Baba. Ta ce ba za ta kai ni gabanka ba sai Beltxa ta amsa mini. Tun bazara tsohuwar nan take juya mini baya."

"Ƙyauren fa? Wa ya buɗe?"

"A buɗe na same shi."

Da Oihana ta dawo ta ji, ta dubi Peio. "Da gaske ta amsa, ɓataccena?"

"Ta amsa. Saura ke."

Na fara faɗa kan tona asirin gida. Graxi ta katse ni.

"Kai wa ya koya maka? A bayan wane dutse?"

Ita ce ta koya mini, a bayan wannan dutsen, tun kafin mahaifinta ya yarda da ni.

An ɗaura aure a cocin ƙauyenmu. Kafin a shiga na ja Peio gefe. "Ranar da na ga gadon baƙo a gidan nan..."

"Baba, baƙi a kan hanya zan bar su. Ni kaɗai zan shigo."

Na ɗora hannu a kansu, na roƙi Allah ya ba su zuriya mai murya. Yanzu shi ke kiran safe, ƙarshen dai har yau a karkace.

Manex ya rantse Peio ne ya buɗe ƙyauren don ya yi gwaninta. Peio na zargin Manex. Oihana tana kasuwa. Abin da na gani kawai shi ne, a safiyar nan takalmin Graxi ya sha laka, ita da ta ce gwiwa ta hana ta hawa dutse. Na tambaye ta, ta miƙo mini cuku.

Har yau ban san wanda ya buɗe ƙyauren nan ba.