Fuskar Malam Ba Ta Fito Ba

"Ɗauka ki duba! Na ce ki ɗauka ki duba da idonki!"

Hajiya Hanne ta watso hotunan, suka tarwatse a kan darduma, ɗaya ya faɗo daidai gwiwar Haulat. Tun da ta shigo ɗakin take durƙushe, ko gaisuwarta ba a amsa ba. Jiya ta aiko da hotunan walimar saukar Alƙur'anin Fauziyya, autar gidan, yau aka ce ta zo. Ta baro Gaya da murnarta, ta ɗauka yabo za ta sha a Ajingi.

Haulat ta ɗauki hoton.

Ga Fauziyya ta rungume allonta, idonta taf da ƙwalla, har gashin idonta ana iya ƙirgawa. A bayanta kuwa sai wani farin abu dishi-dishi, mai alamar rawani da gemu. Malam Muhammad Auwal ke nan, mai gidan, mai babbar Islamiyyar unguwar.

"Ina fuskar Malam?" in ji Hajiya.

"Hajiya... wallahi ba shafe shi na yi ba. Gilashin kyamarar ne yake..."

"Gilashin ne ya san Malam har ya raina shi? Kowa ya fito, har mai rabon zoɓo ta fito raɗau, sai mai gidan ne ya zama hayaƙi!"

Daga bakin ƙofa Naja'atu ta gyara tsayuwa. 'Yar ƙanwar Hajiya ce, a gidan ta girma, kuma duk Ajingi babu wanda bai san cewa Mu'az, ɗan gidan, take yi wa kwalliyar la'asar ba.

"Ai na faɗa miki, Umma. Yanzu wanda ka tsana a hoto kake goge shi. Tun tana waje ta goge Baba, in ta shigo wa zai rage?"

Hajiya ta kau da kai.

"Tashi ki tafi. Maganarki da Mu'az kuma a bar ta nan. Ban haifi ɗan da zai kawo mini mai raina ubansa ba."

Haulat tana da amsa, sai dai irin amsar da 'ya mace ba ta iya furtawa ce a gaban uwar saurayinta, ko da wuƙa a wuya. Ta tattara hotunan, ta ajiye su a gefen darduma, ta fita hawaye na bin kumatunta.

*

Abin haushin, wannan gilashin shi ne abin da Haulat ta fi so a duk kayan sana'arta.

Ita mai ɗaukar hoton mata ce. Kamu, suna, walima, duk inda namiji ba ya shiga nan ne kasuwarta. Kyamararta irin ƙananan nan ce marasa madubi a ciki, ta hannu ta saya. Amma gilashin da ya zo da ita rago ne, da an shiga ɗaki sai ya fara lalube kamar mai dundumi, dole sai ta haska wa mutane fitila a fuska, tsofaffi su yi ta tsaki. Na ainihin kamfanin kyamarar kuwa, da ta ji farashinsa dariya kawai ta yi, don kuɗin babur ne.

Sai ta ji labarin wani da wani kamfanin daban yake ƙerawa, ya hau kyamararta daram, farashinsa kuma bai kama ƙafar wancan ba. Masu hoton Gaya suka yi mata caa. Sagiru mai situdiyo har da tafa hannu.

"Arha ba ta ado, Haulat! Wannan ko zumin ba ya yi. Ki sayi gilashin da ba ya janyo na nesa?"

Ta saya abinta.

Kai, ranar da ta ɗaura shi sai da ta yi sujjadar godiya. Ga shi ɗan mitsitsi, ba nauyi, jikinsa ƙarfe. Kafin ka ƙifta ido ya kama ƙwayar idon mutum da kansa, shiru, ba ƙara ba gurnani. Ɗaki mai duhu, hasken taga kaɗai ya ishe shi. Wanda ka saita ya fito tas, abin da ke bayansa kuma ya narke kamar man shanu a kan tuwo mai zafi. Matan da ke jin kunyar bangon ɗakinsu suka daina jin kunya. Aibinsa ɗaya, in ma aibi ne: ba ya janyo kowa. In kana son mutum kusa, sai ka taka da ƙafarka ka je gare shi.

A kasuwar Ajingi ta fara gwada shi, a layin masu gyaɗa. Ta saita wata tsohuwa mai awo, sai ɗan akwatin nan kore da ke bin ido a cikin kyamarar ya yi tsalle ya sauka a kan idon wani saurayi mai farar hula. Ta kawar, ya sake komawa. Saurayin ya matso yana murmushi.

"Malama, ni kike ɗauka ko gyaɗar?"

"Gyaɗar. Kai ne ka shigo."

"To tun da na shigo, ba na jin zan fita."

Mu'az ke nan, malami a Islamiyyar mahaifinsa. Bai fita ba kuwa. Shi ya sa baki aka ba ta aikin walimar ƙanwarsa, don iyayensa su gan ta su san ta. Ga yadda ganin ya ƙare.

*

A tasha Mu'az ya cim mata, tana shirin shiga motar Gaya. Ya zo a guje, hularsa a hannu.

"Haulat! Tsaya mana, hasken idona..."

"Kar ka ƙara kira na haka. Ka je ka ji abin da Hajiya ta ce."

"Na ji. Zan yi mata bayani, ai na san yadda gilashin nan yake. Baya yake narkarwa, shi ke nan."

"Za ta ce don me kullum Malam ne a baya."

Shi ma tambayar ta tsaya masa.

"To... don me, Haulat? Ko guda ɗaya?"

Ta ɗago ta kalle shi, idonta ja.

"Har kai?"

"Ba zarginki nake ba, wallahi. So nake in sani."

"In har sai na faɗa maka, to ba ka san ni ba, Mu'az."

Ta shige mota ta ja mayafi ta rufe fuska. Har suka fita garin tana jin sa yana bin motar da kiran sunanta, kuma kowane kira sai ta ji kamar ana tsinka mata wani abu a ƙirji. Tana son sa. Wannan ko Naja'atu ba za ta yi musu ba.

A gida ta kwanta rub da ciki. Mahaifiyarta, Inna Gaji, ta saurari labarin tana tsince shinkafa, ba ta katse ta ba. Da ta gama sai ta ce:

"Ke ma da gangan kika ƙi ɗaukar tasa fuskar ko?"

Haulat ta tura kai cikin matashi.

"Inna, abin ido yake kamawa. Sai na matsa kusa da shi, na sa idona a ciki, na ƙura wa nasa... Mahaifin Mu'az fa! Sau nawa ina ɗagawa hannuna yana saukowa."

Inna Gaji ta yi murmushi.

"Tashi ki ci abinci. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama."

Kwanaki suka shuɗe. Mu'az ya kira har ya gaji, saƙonninsa suka taru ba ta buɗe ba. Ta je wani suna a Balan, ta ɗauki jariri a ɗakin da ko tafin hannunka da kyar kake gani, hoton ya fito har da ɗan gashin goshinsa, mai jego ta yi ta shi mata albarka. Ita kuwa ko daɗin bai kai mata zuci ba. Ta dawo ta cire gilashin ta riƙe a hannu tana harararsa.

"Kai ka haɗa, kai ka raba," ta ce da shi.

Sai kuma ta goge shi da gefen mayafi ta mayar, don fushin da take yi da shi bai taɓa wuce minti ɗaya ba.

Ranar Talata da hantsi Fauziyya ta kira.

"Anti Haulat, an shiga uku! Naja'atu ta kwashi hotunan ta kai wa Baba da kanta. Ya daɗe yana kallo. Yanzu ya ce ki zo... wai ki taho da kyamarar."

*

A tsakar gida ta same su, ƙarƙashin darbejiya. Malam na zaune a kan buzu, hotunan a gabansa. Hajiya na gefe a kan kujera 'yar tsugunno, fuska ba annuri. Mu'az ya rakuɓe can jikin bango, ya rame har wuya. Naja'atu kuwa ta ci kwalliya kamar mai zuwa biki, abin nema ya samu.

Haulat ta zube tun daga nesa ta gaishe su, kanta a ƙasa.

"Lafiya lau, 'yata," in ji Malam. Ya ɗaga hoton Fauziyya. "Ni ban san kan waɗannan abubuwa ba. Amma tun da aka haifi yarinyar nan ban taɓa ganin ta kamar yadda na gan ta a takardar nan ba. An ce abin naki ɗan arha ne?"

"E, Allah gafarta Malam."

"Ma sha Allah. Wanda ya ƙera shi bai ha'inci masu ƙaramin ƙarfi ba. To faɗa mini, shi yake zaɓar wanda zai fito, ko ke?"

Ga ƙofar tsira a buɗe. Da ta ce shi ne, magana ta ƙare. Amma ba ta iya yi wa wannan dattijo ƙarya ba, ba ta kuma iya ɗora wa gilashinta laifin da ba nasa ba.

"Shi yake kama ido... amma inda na juya shi."

"Kin ji ko, Umma!" Naja'atu ta yi caraf. "Da bakinta!"

Malam ya ɗaga hannu, ta yi tsit.

"To ga ni. Juya shi gare ni yanzu."

Haulat ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ciro kyamarar. Daga inda take ya yi nisa, gilashin kuma ba ya janyowa, dole ta ja gwiwa ta matsa. Ta ƙara matsawa. Ta ɗaga, ta sa ido.

Nan take koren akwatin ya sauka a kan idon Malam, ƙyam, ba kuskure. Idon Mu'az sak, sai dai shekaru sun zauna a cikinsa.

Yana kallon ta!

Hannunta ya saki, kyamarar ta sunkuya, yatsanta ya danna ba ta sani ba.

Ƙyas!

Ta ajiye ta a ƙasa ta rufe fuska da tafukanta biyu.

"Ba zan iya ba... Ku yafe mini, wallahi ba zan iya ba."

"Mu'azu, miƙo mini in gani."

Mu'az ya ɗauka ya kai masa. Malam ya gyara tabarau ya duba. Ƙafafunsa ne a kan buzu, da takalmansa na fata a gefe, sun fito tas, har zaren ɗinkin ana gani ɗaya bayan ɗaya.

Sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Malam Muhammad Auwal, wanda ɗalibai ke cewa ba su san launin haƙoransa ba, ya yi dariya har da share ido.

"Hajiya, zo ki ga rainin."

Hajiya ta leƙa. Malam ya ci gaba:

"Kin tuna wata yarinya a Toranke, shekarar da aka kai gaisuwarta? Ta hango mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yana tahowa a hanyar rijiya. Ta yar da tulu ta faɗa gonar dawa, sai da la'asar aka samo ta. Har ya rasu ba na jin ta san kamannin fuskarsa."

"Kai, Malam! A gaban yara?" Hajiya ta ja mayafi ta rufe baki.

"Wannan ba raini ba ne, kunya ce. Kuma 'ya mace ba ta yi wa kowane tsoho irin wannan kunyar, sai wanda ta riga ta ɗauka uba." Ya juya ga ɗansa. "Kai kuma kana tsaye kamar turke. Ka je ka gaya wa baffanninka su shirya, Juma'a za su Gaya neman aure."

Mu'az ya durƙushe inda yake.

"Na gode, Baba! Allah Ya ƙara girma!" Ya saci kallon Haulat, ya yi ƙasa da murya. "Na gane yanzu, abar ƙaunata... ki yafe mini."

Takalmin Naja'atu mai tsini ya yi ƙwas-ƙwas ya shige ɗaki, aka bugo ƙofa. Babu wanda ya waiwaya.

Hajiya Hanne ta daɗe tana kallon yarinyar da ke durƙushe tana kuka cikin tafukanta. Ta tashi a hankali ta zo ta tsaya a kanta, ta gyara mata mayafin da ya zame. Da ta yi magana, faɗa ne a bakinta, amma muryar ta karye.

"Ke kuma me kike jira? Tashi ki shige ɗakina. A ina kika taɓa ganin an zauna a gaban suruki?"

Haulat ta miƙe a guje, ko takalmanta ba ta tsaya ɗauka ba.