Riga Mai Hannu Ɗaya

Ranar da Rubab ta fara ganin Taimur, faɗa ne ya kai ta. Ta aika gyaluluwa marinar su Taimur da ke kasuwar Liberty a rina mata launin ɓawon albasa, aka dawo mata da su launin shayi da madara. Ta zube su a teburinsa, ga zafin Lahore ga tururin tukwane.

"Wannan ne ɓawon albasa? Ko a gidanku ba a yanka albasa?"

Ya ɗaga gyale ɗaya ya duba. "Ana yankawa, Yaya. Ni dai ba a bari na shiga kicin."

"Kada ka ƙara ce mini Yaya, ba ni na goya ka ba."

Washegari gyaluluwan suka dawo daidai, an ƙulle albasa guda a gefen ɗaya. Sai ga saƙo a waya: "Ga shaida nan, a gwada. In bai yi ba, a turo albasar gidanku." Ta yi tsaki, amma har yamma tana murmushi. Daga nan kullum sai an sami launin da ya kamata ta je ta duba da kanta.

Rubab ɗaki ɗaya gare ta a saman bene. Ita ke zana kayanta, ita ke tsayawa kan masu yi mata aikin zare da duwatsu, ita ke saka hotuna a waya. Abin da ke cinye mata rai shi ne ɓarayin zane. Yau ta saka hoto, mako bai zagayo ba an kwaikwaya an rataye a kasuwar Ichhra. Har wata jar rigar amarya da ta saka hotonta tun aiki bai ƙare ba, hannun dama cike da ado, na hagu fayau, ba su bar mata ba.

Begum Nusrat, mahaifiyar Taimur, da ta ji zancen aure cewa ta yi, "Tela? Ga Hurain 'yar ƙanwata zaune a gida?" Sai da Taimur ya rame kafin ta sauko, kuma da sharaɗi. Kayan da amarya za ta sa ranar walima dangin ango ke kawowa, ita za ta zaɓa, amarya ba za ta gani ba sai an kawo. In ba haka ba, kowa ya kama gabansa.

Rubab ta rubuta masa: "Ni da nake yi wa amaren garin nan kaya, a ce ranata na sa ɗinkin wani?"

Ya amsa: "Albasata, yini ɗaya ne. Ni kuma har abada."

"Ka daina ce mini albasa."

"To ai ke kike sa ni hawaye."

Ranar da aka kawo kaya, falo cike da mata, Begum Nusrat ta buɗe akwati da kanta. Rubab ta leƙa. Jar rigarta ce ta jabu, duwatsun da gam aka manna su. Kuma da yake daga hoto suka kwafa, hannun hagu fayau suka bar shi.

"Aikin manyan masu zane ke nan," in ji Begum Nusrat. "Hannu ɗaya ake yayi yanzu. Ki duba da kyau, 'yata, ko kya ƙaru."

Mahaifiyar Rubab ta mintsine ta a cinya. Rubab ta haɗiye maganar, amma takaici kamar ya kashe ta. In ta sa rigar nan, gobe duk masu sana'a su yi mata dariya. In ta ƙi, ta rasa Taimur, kuma ta san ba za ta iya ba.

Sai da mata suka tashi cin abinci ta ja Begum Nusrat ɗaki, ta rufe ƙofa, ta miƙa mata waya. Ga hoton rigar tana rabin aiki, ga ta bayan an gama, hannu biyu cif.

"Anti, zanena ne. Sace shi aka yi."

Matar ta daɗe tana kallo. "Wato mai shagon nan hannu guda ya cuce ni?"

"Ni ma riga guda ya cuce ni."

Begum Nusrat ta zauna bakin gado, muryarta ta yi ƙasa. "Kasuwa uku na zaga, ƙafafuna har suka kumbura. Duk abin da aka nuna mini, wannan kaɗai ta shiga raina." Ta ɗago ta dubi yarinyar kamar yau ta fara ganinta. "Kina da sauran zaren? Kafin a yi mini aure ni ma na riƙe allura. Kuma ki daina ce mini Anti, ki ce Ammi, yadda Taimur ke kira na."

Haka suka yi ta zama kan rigar suna faɗa. Rubab ta ɓamɓare duwatsun gam ta ɗinka na gaske. Ammi ta kama hannun hagu ta ƙi saki, furanninta duk sun karkace, in an yi magana ta ce idon yaran yanzu ne bai da kyau.

Ranar walima Ammi ta bi tebur tebur tana cewa, "Zanen surukata ne. Hannun hagun ni na yi." Dattawa suka sa albarka, Allah Ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, Taimur na amsa amin fiye da kowa.

Bayan mako guda ya turo mata hoto daga Ichhra. Rigar ce a rataye, har da karkatattun furannin Ammi, ba su bar ko ɗaya ba. Rubab ta buɗe baki za ta fara masifa, sai ta hango Ammi ta yafa gyale tana neman takalmi.

"Tashi mu je, 'yata. Yau nawa aka sata."