Takobin Gonar Eilif

Hazo bai gama tashi daga kan ruwa ba lokacin da Sufeto Solveig Brekke ta isa gidan adana kayan tarihi. Garin ya yi tsit, kamar bai farka ba.

Torunn, mai gyaran tsoffin ƙarafa, na tsaye kan bahon da babu komai sai jan ruwa. Tsohon takobin da ke ciki ya ɓace.

"Wata takwas takobin nan yana kwance a ruwan soda, gishirin ƙasa na fita daga jikinsa," in ji ta. "Shekararsa dubu. In ya bushe yanzu, kwana kaɗan zai farfashe."

Sufeto ta kai yatsa za ta taɓa ruwan.

"Kul! Ruwan na cin fata."

"Wa ke zuwa ganinsa?"

"Baba Eilif, wanda garmarsa ta tono shi. Duk Alhamis sai ya zo ya zuba masa ido."

A gonarsa, tsohon ya kawo wa Sufeto kofi da hannu cikin safar ulu, alhali murhu na ci.

"Rabona da gari mako biyu, 'yata."

"Baba, sanyi kake ji a gindin wuta? Cire safar."

Ya cire. Tafukan duk sun saɓule.

"Mai takobin ke zuwar mini a mafarki," ya ce a hankali. "Ya tsaya bakin gona, hannu wayam, ba ya cewa uffan. Na gaji da kallonsa. Sai na mayar masa da abinsa."

Suka hau tudun tsohon kabarin da ke gefen gonar, inda garmar ta tono takobin, Torunn na biye. Ita Torunn ce ta tona da hannu, ta zaro ƙunshin bargo, ta buɗe. Wani siririn ƙarfe ne ke ƙyalli a ciki.

"Ai ba na mayar wa mutum kaya da datti ba," in ji Eilif. "Na goge shi tas, na shafa mai, yadda nake wa laujena."

Torunn ta durƙushe.

"Baba, sunan maƙerin a cikin tsatsar yake. Harafi uku na gano, saura biyar. Ga shi ka goge su duka."

Tausayinsa ya kama Sufeto, amma aiki aiki ne. Ta riƙe shi a gwiwar hannu don kada ta fama masa ciwo, suka gangara wajen mota.

A bakin ƙofar motar ya waiwayo.

"Torunn, ukun da kika gani, faɗa mini."

Torunn ta ja bargon, ta rufe ƙarfen.