Kwalaben Laka Goma Sha Biyu

Da hantsi aka kira Sufeto ɗakin gwaje-gwajen ruwa. An yi sata, amma ko na'ura ɗaya ba a taɓa ba. Abin da ya ɓace kula ce ɗauke da kwalabe goma sha biyu na lakar gindin kogi, da kifaye shida a ƙanƙara.

Malamar da ta ɗebo su ta ce mako biyu ta yi tana bin kogin a kwalekwalen wani tsohon masunci. Gwajin farko ya nuna dalma jingim a lakar da naman kifin. Yara huɗu na kwance a asibiti, ciki na murɗa musu. In babu kwalaben, ba ta da hujjar kai ƙara.

Sufeto ya duba ƙofa, ba a ɓalle ta ba. Mai gadi ya rantse ko kaza ba ta shigo ba. Amma a bayan ɗakinsa akwai ƙaton busasshen kifi rataye da igiyar taru.

"Kai da ba ka da ko ƙugiya, wa ya ba ka wannan?"

Mai gadi ya yi ta kame-kame, daga baya ya faɗi gaskiya. Tsohon masuncin ne ya zo bayan an tashi aiki, ya ce Malama ta aiko shi ɗaukar kula, shi kuma ya buɗe masa.

"Kada ka ci kifin nan," in ji Sufeto, ya fice.

A bakin kogi ya tarar da tsohon yana ɗinkin taru, matarsa na gefe tana feɗe kamun safe. Tsohon ya ce rabonsa da ɗakin gwajin ya fi sati. Sufeto bai musa ba, ya tsuguna kusa da wani kifaffen kwalekwale. Ba a yi ruwan sama ba, amma yashin ƙarƙashinsa a jiƙe yake, ga sanyi. Ya ɗaga gefensa. Ga kula nan, ƙanƙara na narkewa, kwalabe cif goma sha biyu.

"Baba, wa kake rufa wa asiri?"

Tsohon ya ajiye allura. Ya ce ɗansa ke tuƙa tankar wani gida da ake narka tsofaffin batura, shi ake aika ya juye dattin ruwan a kwanar kogi. Shekara uku ya yi yana zaman banza kafin ya samu aikin. Da Malama ta ce za a bi sawun dalmar har inda ta fito, ya san ɗan za a fara kamawa, ba masu gidan ba.

"To me ya hana ka jefa su ruwa?"

"Na ɗaga, Yallaɓai. Hannu ya ƙi. Jikata na cikin yaran da ke asibiti, 'yar shi ɗan nawa. Ni na riƙa kai mata kifin, wai don ta yi ƙiba."

Sufeto ya miƙe tsaye. Ya shaida wa tsohon dole su je ofishin 'yan sanda ya ba da bayani, ɗan ma za a ɗauko shi, amma in ya faɗi wanda ke aikensa, ba shi kaɗai zai tsaya gaban alƙali ba. Ankwa kuwa, a aljihu ya bar ta.

Tsohon ya wanke hannu, ya ɗauki kular da kansa. Da ya kai bakin mota sai ya waiwayo, ya ce wa matar ta haƙa rami ta binne kamun yau duka.

Ta dube shi, wuƙa a hannu.

"Na ji, Malam. To gobe me za mu ci?"

Tsohon ya dubi Sufeto. Sufeto ya buɗe masa ƙofar gaba, ya ce ya shiga a hankali.