Shafin Godiya

Ranar da Zubaidatu ta fara ganin Musaddiq, yana tsaye gaban aji cike maƙil, yara wasu a kan taga, wasu a ƙasa, muryarsa duk ta dishe. Binciken digirinta na biyu a kan shugabancin makarantun birni ne ya kawo ta wannan sakandaren gwamnati ta Sabon Gari da ke Keffi. Sauran malamai duk sun kama bakinsu, shi kaɗai ya yarda ya yi magana.

"Zan faɗa miki gaskiya, amma ki ɓoye sunana," in ji shi. "Da aikin nan nake riƙe gidanmu."

"Na yi alkawari, Malam."

Ya zayyana mata komai, daga kujerun da aka ce an sayo ba wanda ya gani, har malaman da sai ƙarshen wata ake ganin ƙeyarsu. Bincike ya ƙare, waya ba ta ƙare ba. Har Ɗalibata yake ce mata, ita da ta fi shi karatu.

A cikin kundin ta sakaya sunansa kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Sai dai so hana ganin laifi. A shafin godiya ta rubuta cikakken sunansa, ta ce shi ya buɗe mata ido.

Kwafin kundin ya isa hannun manya, su kuwa ba yara ba ne. Nan da nan aka tura shi wani ƙauye can bayan Panda.

Ta rubuta masa: "Na cuce ka, Malamina. Ka zage ni ma na yarda, amma kar ka yi min shiru."

Shiru kake ji. Ta rame, ta daina cin abinci, ranar bikin yaye ɗalibai ma a ɗaki ta wuni tana kuka. Mahaifinta Alhaji Mijinyawa, tsohon ma'aikacin ilimi, ya ce ta manta da malamin ƙauye, ga Shamsuddeen na Abuja yana ta sintiri a ƙofar gida. Ta ce to, don ba ta ga bakin musu ba. Ai ita ta kori Musaddiq da hannunta.

Wata ranar Juma'a Alhaji ya dawo daga ta'aziyyar wani tsohon abokin aikinsa, jikinsa a sanyaye.

"Uwata, zo ki ji. Ashe an kira yaron nan Musaddiq gaban kwamiti. An ce ya sa hannu cewa ƙarya kika shirya, a bar shi a Keffi, ke kuma a nemi soke digirinki. Ya ƙi."

Ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ni ban cancance shi ba."

"Ni ma haka na gani," in ji Alhaji. "Amma zan aika a kira shi."

Bayan kwana biyu saƙo ya shigo: "Ɗalibata, sai na hau dutse nake samun sabis. Na ji haushi, ba zan ɓoye miki ba, amma na kasa daina sonki. Ɗaki ɗaya gare ni a nan, kuma yana yoyo."

Ta amsa: "Ina zuwa da bokiti."

An ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Ba a maido shi Keffi ba, babu ma alamar za a maido shi, aikin da ake mata tayi a gari kuma ta haƙura da shi. Da motar amarya za ta tashi, Alhaji ya leƙo ta taga, idonsa ya yi ja.

"Allah ya yi muku albarka. Kar in ji kin dawo min da ƙorafin ƙauye, Uwata. Ke kika zaɓa masa shi."