Ɗigon da Ya Kalle Ni

Shekara talatin ina gyaran agogo, ban taɓa sa tabarau ba, kuma ba a halicci abin da zai sa in ƙifta ido don tsoro ba. Ku riƙe wannan.

Maƙwabcin shagona mai sayar da tabarau ne, bango ɗaya ya raba mu. Shi ya riƙa tare masu kawo mini aiki yana raɗa musu wai idona ya mutu, lalube nake yi. Don kawai na mayar wa wani direba agogonsa yana tafiya da baya! Cikin wata biyu teburina ya zama wurin hutun ƙudaje. Jinina ya hau, sai asibiti.

A can wata ma'aikaciyar jinya ta tara mu, masu hawan jini, ta koya mana zaman natsuwa: ka zauna, ka rufe ido, ka bi numfashinka. Na ce, "Baiwar Allah, in an rufe ido, ina ake kallo?" Ta ce in bar idon ya huta a tsakiyar duhun, zan ga ɗan ɗigon haske yana yawo, in ƙyale shi. Da muka fito, tsohuwar da ke share baranda ta jawo hannun rigata.

"Ɗan nan, na ga fuskarka. Kada ka kai fuskar kowa cikin duhun nan. Ba kai kaɗai ke kallo ba."

Na yi mata godiya sosai. Ai ita ta ba ni dabarar.

Rannan rana na shirin faɗuwa, na tsaya wana agogunan bango kamar kullum. Ta bango ina jiyo mai tabarau yana ƙyaƙyata dariya da wani. Na rufe ƙofa, na sa sakata, na zauna, na rufe ido.

Agogo goma sha ɗaya, kowanne da irin tafiyarsa. Warin man inji. Mota ta wuce a titi. Sai ga ɗigon nan, kore-kore, yana lilo. Ban ƙyale shi ba. Na kafa masa ido har ya tsaya cak, sannan na ɗauko fuskar mai tabarau na ɗora masa, da gashin bakin da komai. A zuciyata na ce: yadda ya ce idona ya mutu, nasa ya riga nawa.

Babban agogon bakin ƙofa ya tsaya.

Na kusa da shi ya tsaya. Ɗaya bayan ɗaya, kamar wani na bi yana ɗora musu yatsa, kuma kowanne ya fi na baya kusa da kujerata. Warin mai ya ɓace. Warin jiƙaƙƙiyar toka ya cika ɗakin.

Fuskar maƙwabcina ta narke. Ɗigon ya faɗaɗa, ya tsage a tsakiya.

Ya ƙifta.

"Wanne?" Muryar ba ta kunne ta shigo ba. "Dama ko hagu?"

Na ce, "Duka."

"To. Amma ban san hanya ba. Ba ni da abin gani." Numfashi mai sanyi ya sauka a goshina. "Ara mini naka."

Na yi niyyar buɗe ido. Ya ƙi.

Yatsu biyu, sirara, masu danshi, suka kwanta a kan fatar idona. Suka fara dannawa a hankali, kamar mai zaɓen ƙwai a kasuwa.

Agogon hannuna kaɗai ya rage. Tik. Tik.

Ya yi shiru.

To, a nan ake gane namiji. Ko gezau ban yi ba. Na dubi idon nan tsakar ido na ce, "Kai, ba a aron kayan aikina." Na cafki hannunsa na murɗe, na buɗe idona da ƙarfin tsiya, na kakkaɓe riga, na fita a natse. Ƙofar ce dai ta ɗan ɓalle, dama sakatar ta tsufa.

Babban agogon nan har yau bai sake tafiya ba. Ɗigon kuwa yana nan. Duk lokacin da na rufe ido, ko wankin fuska ne, ba ya lilo. Tsaye yake, yana jira. Shi kuwa mai tabarau, na yafe masa, don tausayi.

Haka na ba masu jiran gyara labarin nan jiya a shago, suna saurare baki buɗe. Ban ji shigowar matata ba sai da ta ajiye kwanon abinci a kan tebur.

"Maigida, kai da fita a natse? Ihunka fa har bakin titi aka ji. Waye ya ɓalle ƙofar da kafaɗa? Hannun wa ka murɗe kana kuka, kana 'Yaya ka yafe ni, zai cire mini ido'? Bawan Allah mai tabarau da ya zo taimakonka, kwana uku bai iya ɗaga kofi ba."

Na ce ai a cikin duhu hannu duk hannu ne.

Ta miƙo yatsa ta ƙwanƙwasa gilashin da ke kan hancina.

"To wannan fa? Shi ma aljanin ne ya auna maka?"